Yaran ajina ba sa jin Turanci sosai, kuma an ce in bar musu aikin aji: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar Turanci da Larabci a Aboabo, Kumasi. Aji huɗu na firamare nake riƙe da shi, yara 58, kusan dukansu Hausa suke yi a gida. Kullum a taron malamai ana gaya mana mu daina tsayawa gaban allo muna ta zuba, mu bar yara su yi aikin da kansu. To, in na raba su rukuni-rukuni sai ajin ya kaure da surutu da Hausa, in kuma na yi tambaya da Turanci sai su yi tsit. Hedimasta ya ce kada ya ji wani harshe a aji in ba Turanci ba. Na rasa yadda zan yi. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Tambayarki uku ce a ƙulle wuri ɗaya: mene ne ainihin wannan koyarwa da ake cewa ta sa ɗalibi a gaba, yaya ake magana da yaron da Turancinsa bai nuna ba har ya fahimta ya kuma mayar da amsa, sannan ina matsayin Hausa a cikin ajin. Kafin su, ki fara sanin cewa shirun da yaranki suke yi ba daƙiƙanci ba ne. Yana da asali.

Abin da ya sa aji huɗu yake da wuya

Tsarin harshen koyarwa a Gana ya sha juyi. A 2002 gwamnati ta ce Turanci kawai tun daga aji ɗaya, a 2007 aka janye aka koma koyarwa da harshen gida a ƙananan azuzuwa, a 2009 kuma aka shigo da shirin koyar da karatu na ƙasa, wato NALAP, mai littattafai cikin harsuna 11, irin su Tonanci, wato Twi, da Fante, da Ewe, da Ga, da Dagbani, da Gonja. A takarda, yaro zai yi karatu da harshensa daga KG, wato ajin share fagen firamare, zuwa aji uku, Turanci yana shigowa sannu a hankali, sai a aji huɗu Turanci ya karɓi ragama baki ɗaya. Ke nan ajinki shi ne bakin gadar. Ga kuma abin da ya shafe mu 'yan Zango: babu Hausa cikin harsunan nan 11. Yaron Aboabo ko Asawase ko Sawaba, in an bi doka, da Tonanci aka fara masa, in ba a bi ba da Turanci. Ko wanne ne, ba da harshen da uwarsa take kiransa cin abinci ba. Haka abin yake ga yaron Nima a Accra, inda harshen yankin Ga ne.

Sakamakon a bayyane yake. Gwajin karatun ƙananan azuzuwa da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2013 ya nuna cewa a ƙarshen aji biyu yaran da suke karatu da kyau tare da fahimta ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba, kusan rabi kuma ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Irin waɗannan yaran ne ake turo miki da littafin kimiyya na aji huɗu.

Akwai wani abu da yake ruɗar malamai. Za ki ji yaro a filin wasa yana Turancin ƙwallo ko Turancin titi radau, ki ce ai wannan ya iya, rashin kunya ce ta hana shi amsa. Jim Cummins, wani masani a Kanada, ya daɗe da raba abin gida biyu: Turancin hira yakan samu cikin shekara biyu ko kusa da haka, amma Turancin littafi, wanda ake kwatanta abu da shi, a kawo dalili, a rubuta bayani, yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Kuma fa wannan lissafin na yaran da suke zaune cikin masu Turanci ne dare da rana. Namu suna fita ƙofar makaranta, sun koma Hausa sai gobe.

Me ake nufi da sa ɗalibi a gaba?

Manhajar da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, wato NaCCA, ta fitar a 2019 ce ta cika bakin kowa da wannan magana, kuma ni ina goyon bayanta. Amma a wurare da yawa an mayar da ita juya benci: a haɗa yara takwas su fuskanci juna, a ba su takarda ɗaya, malami ya koma gefe. Yaro ɗaya mai Turanci ya rubuta, bakwai su yi hirar ƙungiyar ƙwallon Kotoko. Sufeto ya leƙo ya ga rukuni, ya sa hannu ya tafi. Wannan ba kome ba ne illa tsohuwar koyarwa da aka rage mata malami.

Ma'aunin da nake amfani da shi in na shiga ajin wani ba zaman benci ba ne. Ina duba bakin waye yake motsi, da hannun waye yake aiki, da ko malamin ya san inda kowane yaro ya tsaya. Yi lissafin da kanki. Darasi na minti 30, kin ci 20 da bayani, saura 10. In kika raba wa yara 58, kowa zai samu daƙiƙa goma da 'yan kai, in ma kowa ya samu. A gaskiya yara biyar ɗin nan na benci na gaba ne suke cinye su. Amma in kika ce kowa ya juya ga na kusa da shi na minti huɗu, kowane yaro a ajin ya samu minti biyu yana magana. Harshe kuwa da baki ake koyonsa. Ba a taɓa yin wanda ya iya shi da saurare kaɗai ba.

Kuma kada wani ya sa ki ɗauka baƙon abu ne daga Turai. Ki dubi makarantar allo ta gargajiya. Kowane almajiri yana kan nasa allon, wani yana baƙi, wani farfaru, wani ya yi nisa a izu. Ba a wanke wa yaro sai ya biya malam ya ji da kunnensa, manya kuma suna biya wa ƙanana. Malam ya san inda kowa yake. Ta wannan fuskar makarantar allo ta fi ajin boko sa ɗalibi a gaba, kuma yaranki sun saba da tsarin tun suna 'yan shekara huɗu. Abin da za mu ƙara a kai shi ne fahimtar ma'ana da faɗin abu da kalmomin kai, domin a nan ne hadda kaɗai take gazawa.

Yadda za ki yi magana

Abu na farko, ki saki tambayar nan ta "Do you understand?" Kin san amsar tun kafin ki yi ta. Za su haɗa baki su ce "Yes, Madam", domin an rene su a kan cewa babba ba ya tambaya a ce masa a'a. Amsar ladabi ce, ba ta gaya miki kome game da abin da ya shiga kai. Ki nemi abin da ido zai gani: nuna min, zana min, ɗaga hannun dama in amsar ruwa ce, hagu in yashi ce, gaya wa maƙwabcinka abin da na ce a yi. In da hali kowa ya samu ɗan allo ko bayan tsohon kwali da alli, su rubuta amsa su ɗaga lokaci ɗaya. Cikin ƙiftawar ido kin ga ajin duka.

Na biyu shi ne jira. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta auna a shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya, sannan su amsa da kansu ko su wuce ga wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, yaran da ba sa magana suka fara sa baki. Yaronki aikinsa ya ninka: zai ji Turancin, ya warware shi, ya nemo amsa, ya sake ɗinka ta da Turanci, ya kuma tattaro ƙarfin halin faɗa a gaban mutum 57. Ki ƙirga biyar a zuci. Shirun zai yi miki nauyi da farko, ki daure.

Sauran kuwa gyaran baki ne. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Jimla gajera, da kalmomi iri ɗaya kullum, kada yau ki ce abu da wata kalma gobe da wata don nuna gwaninta. Ki sassauta gudu amma kada ki ɗaga murya, ba kurame ba ne. Duk kalmar da darasin ya rataya a kanta ki rubuta ta a allo ta zauna har a tashi, kuma kada su wuce biyar ko shida. Abin da za a iya riƙewa a hannu, ki kawo shi.

Bari in nuna miki darasi ɗaya yadda nake so in gan shi. Ana koyar da abin da yake narkewa a ruwa da wanda ba ya narkewa. Kin zo da ledar fiya-wata, da robobi huɗu da aka yanke wa kai, da sukari, da gishiri, da yashi, da garin rogo. Kafin ki ce uffan da Turanci, ki ɗaga sukarin ki tambaya me zai faru in an zuba shi a ruwa, kowa ya gaya wa na gefensa da harshen da ya ga dama. Ajin zai ɗauki ƙara, ki bar shi, minti ɗaya ne. Babu yaron da bai taɓa ganin an dama koko an zuba sukari ba, don haka kowa yana da abin faɗa. Sai ki kira yarinya daga benci na baya ta zuba ta juya, ki ɗaga robar su gani, a nan ne za ki furta kalmar "dissolve", ki rubuta ta, su maimaita. A ƙarƙashinta ki rubuta jimla biyu masu gurbi: "The ___ dissolves in water" da "The ___ does not dissolve in water". Yanzu kowane mutum biyu su yi hasashen gishiri da yashi da waɗannan jimloli kafin a gwada. In aka zo kan gari za a yi gardama, wani zai ce ya narke, wani zai ce kumbura ya yi, ai kullum muna jiƙa shi muna gani. Gardamar nan ita ce darasin. Kada ki kashe ta da amsa, ki sa a tace da ƙyalle a gani. A ƙarshe kowa ya rubuta jimla biyu nasa a littafi, masu ƙarfi su ƙara "because".

Ki lura da yawan shirin da kika yi kafin ki shiga ajin. Yaran da Turancinsu bai yi ƙarfi ba, ba a jefa su rukuni hannu rabbana a ce su tattauna. Sai an ba su abin taɓawa, da kalmomin faɗa, da ƙashin jimla, da lokaci ƙayyadadde. Shi ya sa nake cewa ki fara da bibbiyu, kan bencinsu, ba tare da jan kome ba. Rukunin mutum huɗu ya biyo baya in sun saba, kowa da aikinsa: mai karantawa, mai rubutawa, mai faɗa wa aji. Kuma ke za ki zaɓi mai faɗa bayan an gama, don kada a jingina da mutum ɗaya. Ki kuma samu alamar tsayawa da kowa ya sani, tafi uku ko ɗaga hannu, ki horar da su a kanta tun kafin darasi.

Maganar Hausa a aji

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: hana yaro tunani da harshensa hana shi tunani ne. Ba sabon zance ba ne kuma. Tun 1953 UNESCO ta ba da shawarar fara koyar da yaro da harshen uwa. A Ile-Ife ta Nijeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin da aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Abin da yaro ya fahimta da Hausa ba sai ya sake fahimtarsa da Turanci ba, suna kawai zai sauya masa.

Amma hedimastanki ba ya rasa gaskiya gaba ɗaya. Jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare da Turanci ake rubuta ta, kuma ajinki ne kusan wuri ɗaya tilo da yaran suke jin Turancin littafi. Na ga azuzuwan da malami yake faɗin jimla da Turanci, nan take ya fassara ta da Hausa, tun safe har tashi. Yara ba wawaye ba ne: sai su toshe kunne ga ta farko su jira ta biyu. Shekara ta ƙare, Turanci bai shiga ba. Don haka a yi wa Hausa gurbi sananne. A yi shawara da ita tsakanin mutum biyu, a kawo rahoto da Turanci. A warware ma'ana mai wuya da ita sau ɗaya, a koma. A lallashi yaro da ita. In kika je wa hedimasta da wannan tsari, kika kuma gayyace shi ya zauna ya ji yadda yara suke fitar da jimlolin Turanci a ƙarshen darasi, maganar za ta fi shiga fiye da in kika je da hujjojin masana. Ki kai ta taron malamai na mako-mako da ake kira PLC ma, wataƙila abokan aikinki suna cikin irin damuwarki.

Ki tuna kuma ba kowane ɗan Zango ne Hausa ta zama masa harshen farko ba. Akwai Dagomba, da Kotokoli, da Zabarmawa, da Frafra, da 'ya'yan Tonawa maƙwabta. Ki san harshen gidan kowa, ki zaunar da sabon zuwa kusa da wanda zai ji shi. Tara ko bulala don an yi harshen gida kuwa, a bar ta. Dukan ɗalibai ma hukumar ilimi ta Gana, wato GES, ta hana shi tun 2017, kuma yaron da yake tsoron buɗe baki ba zai koyi kowane harshe ba.

Gyaran kuskure

A nan ake kashe wa yara gwiwa ba a sani ba. Yarinya ta yi ƙarfin hali ta ce "My mother, he go to market", aji ya fashe da dariya, malami ya ce sake faɗa. Ta gama magana ke nan har ƙarshen shekara. Ki amsa ma'anar tukuna, ki mayar mata da jimlar a gyare kamar hira: "Oh, she went to the market? What did she buy?" Rikicin "he" da "she" yana da dalili a wurinmu, domin Hausar Gana ta yau da kullum ba ta cika raba namiji da mace ba, Tonanci ma bai raba ba. Haka "p" da "f" ga mai Hausa. Irin waɗannan ki ware musu minti biyar na atisaye ga aji duka, kuskure ɗaya a mako, ba a tsakiyar maganar yaro ba. A nan haɗa baki da maimaitawa suna da amfani ƙwarai, kuma yaranmu gwanaye ne a kai. Dokar hana dariya kuwa ki kafa ta da gaske, ita ce ta fi kowace doka a ajin.

Inda wannan hanya take tsayawa

Ba zan ruɗe ki ba. Michele Schweisfurth ta bi nazarce-nazarce 72 a kan shigar da irin wannan koyarwa a ƙasashe masu tasowa, a rahoton da ta buga a 2011, ta tarar labarin gazawa ya fi yawa, kuma dalilan su ne waɗanda kika sani: cunkoso, rashin kayan aiki, horo na kwana biyu, da jarrabawa mai neman hadda. Yara 58 suna da yawa, babu dabarar da za ta mayar da su 25. Akwai kuma abubuwan da yaro ba zai gano da kansa ba, kamar sautin haruffa da ƙa'idar rubutu. Waɗannan ki tsaya gaban allo ki koyar da su kai tsaye ba tare da jin kunya ba.

Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, aikin rukuni ba zai koya masa ba. Ki ɗauki mako ɗaya ki saurari kowa shi kaɗai na minti biyu, yayin da sauran suke rubutu: wa ya san haruffa, wa yake karanta kalma, wa jimla, wa labari. Ki raba su bisa wannan, ki ware ko da rabin awa a rana kowa ya yi aiki a matakinsa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi fice da wannan tsari, an kuma gwada irinsa a makarantun gwamnati a nan Gana aka ga amfani.

Sai wanda yake shiru ko da Hausa aka yi masa magana. Wannan ba batun Turanci ba ne. Ki matsa kusa ki duba ko kunne ne, ko ido, ko yunwa, ko gajiyar talla da makarantar dare. Ki nemi mahaifiyarsa ku zauna, da Hausa, ba ta takardar Turanci da za a kai wa wani ya karanta ba. Iyaye da yawa suna ganin ba su da abin taimakawa tunda ba su yi boko ba. Ki ce musu su riƙa tambayar yaro in ya dawo me aka koya yau, ya faɗa musu da Hausa. In ya iya bayyana wa kakarsa dalilin da ya sa yashi bai narke ba, ya fahimta.

Ban ga ajinki ba, don haka ki auna abin da na faɗa da yanayinki. Ni dai da zan zaɓar miki, a makonni biyu na farko abu uku kawai za ki sauya: jiran daƙiƙa biyar bayan kowace tambaya, da "juya ka gaya wa na kusa da kai" sau biyu a kowane darasi, da jimlar gurbi a allo. Ki ajiye takardar sunaye a kan tebur, ki riƙa sa ɗigo gaban duk wanda ya yi magana da Turanci a gaban aji. Ranar Juma'a ki duba sunayen da ba su da ɗigo, da su za ki fara ranar Litinin.